Antoni Lewenhuk, Mai Sayar da Yadi da Ya Ga Zaren Tsoka

A ƙasar Holan, can cikin Turai, akwai wani gari wai shi Delft. A nan aka haifi Antoni Lewenhuk a shekarar 1632. Ubansa masaƙin kwanduna ne, ya kuwa rasu tun Antoni yana ƙaramin yaro. Antoni bai yi zurfin karatu ba, bai kuma koyi Latin ba, watau harshen da malaman Turai ke rubuta littattafansu da shi a zamanin nan. Da ya kai shekara 16 sai aka kai shi birnin Amsterdam, ya zama yaron kantin wani mai sayar da yadi. A 1654 ya koma garinsu, ya yi aure, ya buɗe nasa kantin.

Masu cinikin yadi na lokacin sukan duba saƙa da wani ɗan gilashi mai ƙara girman abu, don su gane kyakkyawan zare da mugu. Antoni ya koyi gyara irin wannan gilashi da hannunsa. Yakan goge shi har ya zama ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero, sa'an nan ya maƙala shi tsakanin fallayen tagulla biyu, ya kafa wani tsinke a gabansa inda za a soka abin da ake so a duba. Ya yi irin waɗannan gilasai fiye da 500 a rayuwarsa. Mafi ƙarfi cikin waɗanda suka saura har yau yana ƙara girman abu kamar sau 270.

A 1673 ya fara aika wasiƙu ga Ƙungiyar Masana ta Sarki da ke Landan, yana ba su labarin abin da ya gani. A 1676 ya rubuta musu cewa cikin ɗigon ruwa guda akwai dubban ƙananan halittu masu rai, suna iyo. Masanan suka yi shakka ƙwarai, gama ba wanda ya taɓa ganin haka, mai maganar kuwa ɗan kasuwa ne kurum. Antoni bai yi fushi ba. Ya kira waɗansu dattawa masu mutunci, ya nuna musu, suka rubuta shaida. A 1677 wani masani na Landan, Robert Hooke, ya duba da nasa madubin, ya tarar gaskiya ne. A 1680 suka karɓi Antoni cikin ƙungiyarsu.

Cikin abubuwan da ya yi ta dubawa har da nama. Yakan yanki tsokar sa ko ta kifi, ya tsage ta da tsinin allura, ya ɗora a gaban gilashinsa. Idon da ya saba da yadi bai daɗe ba ya gane cewa tsoka damin zare ce. Kowane sili nata bai fi gashin kai kauri ba, cikin kowane sili kuma akwai waɗansu silla masu yawa da suka fi shi siranta. A 1682 ya ba da labarin wani abin mamaki: kowane zaren tsoka yana da ratsi-ratsi a gicciye, mai duhu da mai haske, suna bin juna a jere. Ya zana su yadda ya gan su. Shi dai ya ɗauka tamoji ne, irin na fata in ta tattare, domin gilashinsa bai isa ya nuna abin da ke cikinsu ba.

Amfanin ratsin nan bai bayyana ba sai bayan shekara 272. A 1954 Andrew Huxley da Rolf Niedergerke, da kuma Hugh Huxley da Jean Hanson, suka fitar da bayaninsa. A lokacin an riga an ƙera madubai masu ƙarfi nesa da na Antoni. Aka gane cewa kowane sili na tsoka ya kasu gaɓa-gaɓa, kamar karan dawa. Gaɓoɓin nan ƙanana ne ainun, har kamar 400 za su jeru cikin milimita ɗaya. Cikin kowace gaɓa akwai zare iri biyu, masu kauri da ake kira miyosin a tsakiya, da sirara da ake kira aktin, waɗanda suka taso daga gefe biyu suka shiga tsakanin masu kaurin. Inda masu kauri suke, nan ne ratsi mai duhu. Inda sirara suke su kaɗai, nan ne ratsi mai haske.

In yaro ya so ya lanƙwasa hannunsa, ƙwaƙwalwa takan aika da saƙo ta jijiya zuwa ga tsokar damtse. Da isar saƙon sai wani sinadari mai suna kalsiyam ya malala cikin zaren. Nan da nan waɗansu 'yan ƙugiyoyi da ke jikin miyosin su kama aktin, su ja, su saki, su sake kamawa gaba, kamar yadda mai jan guga ke canza hannu a kan igiya. Zaren biyu ba sa gajarcewa, sai dai su zurma cikin juna, kamar yatsun hannu biyu in an sarƙe su. Ta haka kowace gaɓa takan rage tsawo kaɗan. Da yake gaɓoɓin dubbai ne a jere, sai tsoka duka ta gajarce, ta ja ƙashi, hannu ya lanƙwashe. Ƙarfin da ake wannan aiki da shi kuwa daga abinci yake fitowa.

Antoni bai san wannan duka ba, amma abin da ya zana daidai ne, don bai yarda ya rubuta ya ga abu ba sai ya duba shi sau da yawa. Sunansa ya kai ko'ina, har Sarkin Rasha Bitrus Babba ya nemi ganinsa. Duk da haka bai bar Delft ba, bai kuma daina dube-dubensa ba har tsufa. Ya rasu ran 26 ga Agusta, 1723, yana da shekara 90. Bayan rasuwarsa 'yarsa Mariya ta aika wa ƙungiyar Landan madubai 26, kamar yadda ya yi wasiyya.

Tambayoyi

1. Wace sana'a ce ta koya wa Antoni duban zare?
2. Me ya yi sa'ad da masana suka yi shakkar maganarsa?
3. Me ya gani a jikin zaren tsoka a 1682?
4. Yaya tsoka ke gajarcewa, alhali miyosin da aktin ba sa gajarcewa?