Nana Asma'u: 'Yar Shehu da ta adana danginta a cikin waƙoƙin alhini

Idan aka ambaci Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne karantar da mata. Gaskiya ne ta yi wannan aiki. Amma wanda ya bi rubuce-rubucenta kusan 60 da suka iso mana, da Larabci da Fulatanci da Hausa, zai tarar da kaso mai tsoka marsiyya ce, wato waƙar alhinin wanda ya rasu. Ta yi wa baffa, ta yi wa 'yan'uwa maza da mata, ta yi wa miji, ta yi wa aminiya. Daga baya ta yi wa matan da ba su haɗa jini da ita ba sam.

Marainiya a gidan malamai

An haife ta a Degel a 1793, tagwaye ita da ɗan'uwanta Hassan. A al'ada Hassana ko Usaina za a kira ta, sai Shehu ya raɗa mata Asma'u. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙanƙanuwa, don haka ta tashi a hannun sauran matan Shehu, musamman A'isha da ake kira Iya Garka da Hauwa'u da ake kira Inna Garka, mahaifiyar Muhammadu Bello. Daga nan shaƙuwarta da Bello ta samo asali. Uba ɗaya suka haɗa, uwa kowa da tasa, ya kuma girme ta da shekara 12, amma babu wanda ta jingina da shi a rayuwarta kamar shi.

Tana da shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Ta ga yunwa da annoba da gudun hijira na shekarun jihadi da idonta. A 1807 aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, wanda daga baya ya zama Wazirinsa. A 1817 Shehu ya rasu a Sakkwato, Hassan ma ya bi shi a cikin shekarar. Tana da shekara 24 ta rasa uba da abokin tagwaicinta.

Wurno

A ƙarshen shekarun 1820 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina ribaɗi a Wurno, a bakin gulbin Rima, kan hanyar da ta nufi Goronyo ta shiga ƙasar Gobir. Zaman tsaron iyaka ne, domin Gobirawa ba su haƙura ba tun faɗuwar Alƙalawa a 1808. Giɗaɗo da Asma'u sun yi gida a can, suna kai-kawo tsakaninsa da Sakkwato.

A wannan zamani ne aikin 'yan'uwan biyu ya fi haɗuwa. Bello ya rubuta littafi da Larabci mai suna Kitabun Nasiha kan salihan mata, ya nemi ƙanwarsa ta mayar da shi waƙa. Ta yi da Fulatanci, sannan da Hausa a 1837, wadda aka sani da Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Ta jero matan Annabi (SAW) da 'ya'yansa, ta kawo irin su Rabi'atul Adawiyya, sai kuma ta gangaro gida ta saka matan jama'ar Shehu, har da Iya Garka da Inna Garka da suka raine ta. Macen da ke ƙauyen Rima ta haddace wannan waƙa, za ta ji sunayen matan da kakarta ta sani a jere ɗaya da manyan waliyyan Basra da Misira.

Bello ya ci yaƙin Gawakuke a 1836, Asma'u ta yi waƙa a kansa. Shekara ta zagayo, a 1837, ya rasu a Wurno, kuma nan kabarinsa yake har yau. Marsiyyar da ta yi masa ba ta yi kama da kirarin sarki ba. Kuka ne na ƙanwa da ta rasa mai taimakonta, malaminta, wanda ya tsaya mata a matsayin uba. Bayan haka ta sake yin wata waƙar da Fulatanci mai suna Gikku Bello, wato halayen Bello, inda ta mayar da hankali ga iliminsa da adalcinsa da gudun duniyarsa. Mutumin da ya jagoranci yaƙe-yaƙe masu yawa, ga kuma 'yar'uwarsa ta zaɓi ta tuna shi da halinsa. A ganina wannan zaɓi saƙo ne ga waɗanda za su gaji kujerarsa.

Giɗaɗo ma ya ja jiki daga harkar mulki bayan rasuwar amininsa, ya duƙufa ga rubuta tarihin Shehu da na Bello, ciki har da Raudul Jinan. Ita kuma ta tsara tarihin Shehu da hijirarsa da yaƙe-yaƙensa a waƙar Fulatanci mai suna Filitago. Miji na rubutawa da Larabci don malamai, mata na tsarawa a waƙe don masu haddacewa. Wazirci ya koma hannun ɗansu Abdulƙadir.

Waɗanda tarihi bai saba ambata ba

Mutuwa ba ta ɗaga mata ƙafa ba. Baffanta Abdullahi na Gwandu ya riga ya rasu tun 1829. 'Yar'uwarta Faɗima ta bi Bello ba da jimawa ba, sai ɗan'uwanta Buhari, sai Giɗaɗo wajen 1850. A 1855 A'isha ta rasu, matar Bello, 'yar Umaru Alkammu aminin Shehu, wadda suka taso tare tun Degel. Marsiyya biyu Asma'u ta yi mata, ɗaya da Larabci ɗaya da Fulatanci, kamar ɗaya ba ta ishe ta ba.

Abin lura shi ne irin abin da take yabo. Faɗima, karamci da ciyar da baƙi. Wata mai suna Zaharatu, tsayawa kan mata masu naƙuda, da suturta mamata, da karantar da jahilai. Halima kuwa maƙwabciya ce kurum, ba 'yar sarauta ba, ba shahararriyar malama ba, an yabe ta da haƙuri da kyautata zumunci. Littattafan tarihin wancan zamani cike suke da sunayen sarakuna da kwamandojin yaƙi. Ba don waɗannan waƙoƙi ba, da babu wanda zai san an yi wata Halima.

Wa ke cikin jama'a?

Tambayar ba ƙarama ba ce a lokacin. Yaƙi ya bar zawarawa da marayu, ya kuma cika gidaje da ƙauyuka da kamammun mata, da yawansu Gobirawa masu jin Hausa kaɗai, waɗanda suka taso suna ganin Inna ta Gobir tana shugabancin bori. Ga su a cikin daula, amma ba su jin Larabci balle Fulatancin gidan Shehu. Idan aka bar su haka, su ne za su raini 'ya'yan gobe.

Amsar Asma'u ita ce 'Yan Taru. Ta zaɓi dattijan mata daga ƙauyuka ta naɗa su jaji, tana ɗora musu malfa, hular kaba irin wadda aka san Inna da ita. Jaji kan jagoranci tsofaffi da 'yan mata su zo wurinta su ɗauki karatu, su koma su koyar da matan aure da ba su iya fita. Littafin karatun kuwa waƙoƙinta ne na Hausa a rubutun ajami. Ta ɗauki alamar da matan suka saba girmamawa ta ba ta sabon aiki, maimakon ta ce su watsar da duk abin da suka sani. Da ɗaya daga cikin jajinta mai suna Hauwa'u ta rasu a ƙarshen shekarun 1850, ta yi mata marsiyya kamar yadda ta yi wa 'ya'yan Shehu.

Hausar ma aikin gida ce. Waƙar mahaifinta ta Fulatanci ita ta mayar da ita Hausa a 1831, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa, ƙaninta Isa autan Shehu ya yi mata tahamisi. Isa ɗin, wanda aka haifa a shekarar da Shehu ya rasu, shi ya fassara Filitago zuwa Waƙar Gewaye.

Ta rasu a 1864 tana da shekara 71, aka binne ta a Hubbare a Sakkwato kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙe 'Yan Taru.

Zuriyar ta bazu a gabashin Sakkwato. Ɗan Bello, Abubakar Atiku na Raba, ya zama Sarkin Musulmi a 1873, kuma jikansa ne Sardauna Ahmadu Bello da aka haifa a Raba a 1910, wato Asma'u goggon kakansa ce. Takardunta kuwa sun zauna a gidan Waziri har suka iso hannun Waziri Junaidu, wanda ya fito daga tsatsonta. Shi ya buɗe wa Jean Boyd, Baturiyar Ingila da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, wadda ta haɗa kai da Beverly Mack ta Amurka suka wallafa tarin ayyukan Asma'u a 1997, shekarar da Junaidu ya rasu.