Tanimun ɗan Sulaiman, sarkin da ya gina fadar Damagaram

Duk wanda ya tashi daga Matamaye ko Kance ya shiga Birnin Damagaram, da wuya ya koma gida bai tsaya a ƙofar fada ba. Ga dogarai da jajayen riguna, ga baƙi ƴan yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto da salula. Kaɗan ne ke tambayar wane ne ya ɗora wannan gini, da kuma dukiyar da aka gina shi da ita.

Tanimun, wanda ake wa laƙabi da Baƙi Jatau, ɗa ne ga Sarki Sulaiman, wanda ya mai da Zinder mazaunin sarauta. Sarautar ba ta zo masa a kan faifai ba. Ya hau karaga a 1841, bayan shekara 2 ɗan'uwansa Ibrahim ya karɓe ta. Sai a 1851 ya dawo, ya kuma zauna daram har rasuwarsa a 1884.

Ƙasar da ya gada tana kai gaisuwa ga Shehun Borno a Kukawa. Tanimun bai fito fili ya tsinke wannan igiya ba, amma ya yi ta sassauta ta har ta zama ta suna kawai. Makaminsa bindiga ne. Masana tarihi na lissafa masa bindigogi wajen 6000 da igwa kusan 40, kuma abin da ya fi ban mamaki shi ne a nan cikin gari ake haɗa albarushi, a nan ake zuba wasu daga cikin igwogin. Da wannan ƙarfi ya kewaye Birni da ganuwa, ya gina fada, ya danne maƙwabta irin su Mirya da Muniyo. A wannan ƙarni ne ƙasar Kance ma ta koma bin Damagaram.

To, ina kuɗin suka fito? Daga hamada. Ayarin raƙuma kan taso daga Tarabulus, ya bi ta Gat da Agadas, ya sauke kaya a Zango kafin ya wuce Kano. Tarabulus kuwa tun 1835 tana hannun Turkawan daular Usmaniyya kai tsaye, don haka kasuwar Damagaram na ɗaure da ta Sarkin Istambul, ko da yake sarakunan biyu ba su taɓa haɗuwa ba. Fatake na kawo yadi da takarda da makamai, su koma da gashin jimina da hauren giwa da fatu. Suna komawa da mutane kuma. Wannan shi ne gefen da masu yi wa baƙi jagora a fada ba su cika son tsayawa a kai ba: hare-haren dakarun sarki kan ƙauyuka su ne ke cika kasuwar bayi, kuma talakawan karkara ne suka biya kuɗin ganuwar da gumi da ƴaƴansu. A ganina girman Tanimun bai ragu ba don an faɗi haka, tarihin ne ya cika.

Wani abin lura: a daidai lokacin da ake ɗora tubalin fadar Birni, Sarkin Istambul Abdulmajid yana barin tsohuwar fadar kakanninsa ta Topkapi, ya koma sabuwar Dolmabahce a 1856. Topkapi ta zama gidan tarihi tun 1924, sai a yanki tikiti a shiga kallon ɗakunan da babu mai kwana cikinsu. Ta Damagaram har gobe da sarki a ciki, ana fadanci, ana sulhunta rigingimu, ana hawan salla.

Abin da Tanimun ya tara bai daɗe a hannun ƴaƴansa ba. Ɗansa Amadu Kuran Daga ne ke kan gado lokacin da aka kashe Kyaftin Cazemajou a 1898. A shekara ta gaba sojojin Faransa suka ci Tirmini, suka shiga gari, shekara 15 kacal bayan rasuwar mai igwa. Ganuwa ta zube, saura ƴan guntaye tsakanin duwatsu. Unguwar Birni da fadar suna cikin jerin wuraren da Nijar ta miƙa wa UNESCO tun 2006, suna jiran a amince da su.