Wilhelm Röntgen: Masanin da ya ba likitoci damar ganin cikin jiki

Kafin shekarar 1895, idan likita yana son sanin inda ƙashi ya karye ko inda harsashi ya maƙale, sai dai ya lalube da hannu ko ya tsaga jikin majiyyaci. Mutumin da ya sauya wannan hali shi ne Wilhelm Conrad Röntgen, wani Bajamushe masanin kimiyyar fiziks.

An haife shi ne ranar 27 ga watan Maris na 1845 a garin Lennep na ƙasar Jamus, mahaifinsa kuma ɗan kasuwar yadi ne. Yana ɗan shekara uku iyayensa suka koma ƙasar Holan da zama.

An kore shi daga makarantar fasaha ta Utrecht bisa zargin zana hoton ba'a na wani malami, alhali wani ɗalibi ne ya zana. Duk da ba shi da takardar kammala sakandare, ya samu gurbi a kwalejin fasaha ta Zurich, kuma a 1869 ya samu digirin digirgir a jami'ar birnin.

Ranar 8 ga watan Nuwamba na 1895, yana gwaji a Jami'ar Würzburg da wani bututun gilashi da ake ratsa wutar lantarki ta cikinsa, wanda ya lulluɓe da baƙin kwali, sai ya ga wani allo da ke nesa kaɗan yana ƙyalli. Nan ya gane cewa akwai wani haske da ido ba ya gani wanda ke keta kwalin. Da yake bai san asalinsa ba, sai ya laƙaba masa harafin X.

Hasken na ratsa tsoka cikin sauƙi, amma ƙashi da ƙarfe na tare shi, shi ya sa inuwarsu ke fita a hoto. Ranar 22 ga watan Disamba ya ɗauki hoton hannun matarsa Anna Bertha, inda ƙasusuwan yatsunta da zobenta suka fito sarai. Cikin 1896 asibitoci a Turai da Amurka suka fara amfani da shi.

Röntgen ya ƙi yin rajistar mallakar wannan fasaha, abin da ya ba kowa damar ƙera na'urar ba tare da biyansa ko sisi ba. Haka kuma da ya zama mutum na farko da ya samu lambar yabo ta Nobel a fannin fiziks a 1901, ya sadaukar da kuɗin ga Jami'ar Würzburg.

Sai dai hasken na da illa idan ya yi yawa. A 1904 Clarence Dally, mataimakin Thomas Edison, ya mutu sakamakon cutar daji da hasken ya haddasa masa. Shi ya sa a yau ƙa'idar likitoci ita ce kada a ɗauki hoton sai amfaninsa ga majiyyaci ya rinjayi haɗarinsa.

Hauhawar farashin da ta biyo bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta cinye dukiyar Röntgen. Ya mutu a birnin Munich ranar 10 ga watan Fabrairun 1923, sakamakon cutar dajin hanji, yana da shekara 77. Har yanzu ma'aikatan ɗaukar hoton ƙashi a duniya na tunawa da shi duk ranar 8 ga watan Nuwamba.