Labarin Sarkin Musulmi Abdurrahman, Wanda Ake Kira Ɗanyen Kasko

Abdurrahman ɗan Abubakar Atiku ne, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ya sami sarauta a shekara ta 1891, bayan rasuwar Sarkin Musulmi Umaru, yana dattijo. Mutum ne mai ƙarfin zuciya, marar tsoro, amma mai saurin fushi. In ya faɗi magana ba ya son a sāke ta. Domin wannan hali aka sa masa suna Ɗanyen Kasko, watau kaskon da ba a gasa ba, wanda ba a dogara gare shi a ɗauki ruwa.

Tun farkon sarautarsa ƙasa ba ta zauna lafiya ba. Talata Mafara ta yi tawaye a wannan shekara, aka kai mata yaƙi har ta bi. Ku mutanen Tsibiri da Bakura da Maradun, wannan al'amari a ƙofarku ya faru, a zamanin kakanninku. A kwanakin nan, garin da aka ci da yaƙi akan kwashe matansa da 'ya'yansa, a raba su ganima, waɗansu a sayar a kasuwa, waɗansu a kai su rinji su yi noma.

A 1892 ya tara rundunar sarakuna ya tasam ma Argungu, amma Sarkin Kabi Sama'ila ya kore su. A wannan yaƙi Tukur, Galadiman Kano, ya nuna jarumtaka, Abdurrahman kuwa ya riƙe abin a ransa. Sa'ad da Sarkin Kano Bello ya rasu a 1893, sai ya ce Tukur ɗansa za a naɗa. Waziri Buhari ya ba shi shawara ya dakata, gama zukatan Kanawa da yawa suna wajen Yusufu ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi. Bai ji ba.

Yusufu da 'yan'uwansa suka fita birni suka tafi Takai, basasa ta tashi. Yusufu ya rasu a 1894, jama'arsa suka ɗora Aliyu Babba a madadinsa, suka shiga Kano a wannan shekara. Tukur ya gudu ƙasar Katsina, aka ci shi da yaƙi a Tafashiya a 1895, ya rasu. A tsakanin nan an ƙone garuruwa, an kashe kamammu, an sayar da 'ya'ya masu 'yanci kamar bayi, da mai saye da wanda aka saya duka Kanawa. A ƙarshe Sakkwato ta yarda da sarautar Aliyu, wanda ta ƙi da fari.

Abdurrahman ya rasu a 1902, bai yarda ya miƙa wuya ga Turawa ba har mutuwarsa. Kano ta faɗi a Fabrairu 1903, Sakkwato a Maris. Dokar Turawa ta ce duk ɗan da aka haifa tun daga Afrilu 1901 ɗa ne, amma bauta ba ta ƙare bisa doka ba sai 1936.

Ya kai mai karatu, duba abin da taurin kai ya jawo. Sarki ya so ya sāka wa mutum ɗaya alheri, talakawan da ba a tambaye su ba suka biya da 'ya'yansu. Wataƙila kai mai gida ne, ko mai unguwa, ko dagaci. Kadan za ka raba gado, ko za ka ba wani matsayi, kada ka yanke magana cikin fushi, kada kuwa ka raina mai gaya maka gaskiya domin yana ƙarƙashinka. Ka kwana a kanta tukuna, ka tuna da raunana waɗanda nauyin hukuncinka zai sauka a bisansu.