MISORA HIBARI: ZABIYAR JAPAN DA TA HAU DANDALI TANA 'YAR SHEKARA TAKWAS

Ran 29 ga watan Mayu na shekarar 1945, jiragen saman yaƙi na Amurka suka yi wa birnin Yokohama na ƙasar Japan ruwan bama-bamai, suka ƙone wani babban sashe na birnin ƙurmus cikin 'yan sa'o'i kaɗan. A wannan rana ce wata yarinya mai suna Kazue Kato, 'yar wani mai sayar da kifi a unguwar Isogo, ta cika shekara takwas da haihuwa. Wata uku bai cika ba Japan ta miƙa wuya, Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, sojojin Amurka suka mamaye ƙasar. Shekara huɗu bayan haka babu lungu ko saƙo a Japan inda ba a san muryar yarinyar nan ba, sai dai a lokacin ta riga ta sake suna, ana kiranta Misora Hibari. Misora na nufin kyakkyawan sararin samaniya, Hibari kuwa sunan wani ɗan tsuntsu ne mai zaƙin murya wanda kan tashi sama yana kuka.

An haife ta a shekarar 1937. Mahaifinta, Masukichi, mutum ne mai son kiɗa, yana da garmaho da faya-fayai a gida, kuma daga nan ne yarinyar ta fara haddace waƙoƙin manya tun ba ta iya karatu ba. A 1943 aka ɗauke shi aikin soja. A wurin walimar sallama da maƙwabta suka shirya masa, yarinyar ta tashi ta rera waƙa har mutane suka yi ta hawaye. Mahaifiyarta, Kimie, ta lura da abin da ya faru a wurin nan, kuma ana iya cewa tun daga ranar ta yanke wa 'yarta hanyar da za ta bi. Da yaƙi ya ƙare sai ta ɗebi kuɗin gida ta haɗa 'yar ƙungiyar makaɗa, ta shiga yawo da yarinyar daga wannan zaure zuwa wancan a unguwannin Yokohama.

Manyan gari ba su karɓe ta hannu bibbiyu ba. A 1946, tana da shekara tara, ta shiga gasar waƙa ta 'yan koyo wadda gidan rediyon ƙasar, watau NHK, yake shiryawa. Alƙalan gasar suka ƙi ba ta nasara. Hujjarsu ita ce, ko da yake ta iya waƙar, bai dace ƙaramar yarinya ta riƙa rera waƙar manya da muryar manya ba. Wannan suka ta bi ta shekaru da dama. Wani sanannen marubucin waƙoƙi, Hachiro Sato, har ya rubuta a jarida yana kwatanta ta da abin ƙyama da ake nunawa a kasuwa don a tara 'yan kallo. Idan aka yi adalci, masu sukar ba su rasa gaskiya gaba ɗaya ba, gama yarinyar da ya kamata a ce tana aji ita ce take tsaye a gaban mashaya tana waƙar rabuwar masoya. Amma babu wanda ya tsaya ya tambayi halin da yarinyar take ciki. Abin da ya dame su shi ne kunnuwansu.

A watan Afrilu na 1947, ana cikin rangadin wasa a lardin Kochi, motar safa da take ciki ta yi karo da wata babbar mota, ta kauce hanya ta nufi rami. Yarinyar ta ji rauni ƙwarai, har aka fid da rai da ita. Da ta farfaɗo, mahaifinta ya fusata ya ce waƙa ta ƙare ke nan. Ita kuwa ta kafe, mahaifiyarta ta goya mata baya, uban ya haƙura.

Shekarar 1949 ce ta buɗe mata ƙofa. Kamfanin faifai na Nippon Columbia ya ɗauke ta, ta fito a wani fim mai suna Kanashiki Kuchibue, watau fito mai ban tausayi, inda ta taka rawar marainiyar yaƙi mai neman wanta. A cikin fim ɗin an sa mata baƙar kwat irin ta Turawa da doguwar malafa da sanda, tana rawa tana waƙa, alhali shekarunta goma sha biyu. Faifan waƙar ya sayu har kimanin 450,000, adadin da ba a saba gani ba a ƙasar da mutane ke bin layi don samun shinkafa. A 1950 ta sake fitowa a matsayin marainiyar titi a fim ɗin Tokyo Kid, kuma a shekarar ta je Hawaii da yammacin Amurka ta yi wa Japanawa mazauna can wasa.

Ya kamata mai karatu ya fahimci dalilin wannan farin jini. A waɗannan shekaru tashoshin jirgin ƙasa na Tokyo cike suke da yaran da iyayensu suka mutu a yaƙi, suna goge takalma, suna kwana a ƙarƙashin gada. Ga ƙasa an ci ta da yaƙi, ga baƙin soja suna mulki. Sai ga yarinya a majigi tana taka rawar ɗaya daga cikin yaran nan, tana cikin tsumma amma tana murmushi, tana waƙa ba ta roƙon kowa. Talakawa suka ga kansu a jikinta. A 1952, shekarar da mulkin mamaya na Amurka ya ƙare, ta fitar da Ringo Oiwake, waƙar wata yarinyar ƙauyen masu noman tuffa da ke tuna mahaifiyarta da ta rasu, faifan ya wuce na baya a kasuwa. Daga nan aka haɗa ta da wasu 'yan mata biyu tsararrakinta, Chiemi Eri da Izumi Yukimura, aka yi ta shirya musu fina-finai tare. Kafin ta bar harkar sinima ta fito a fim fiye da 150.

To, amma akwai abin da ba a nunawa a majigi. A zamanin nan duk mawaƙin da ke son yin rangadi a garuruwan Japan sai ya nemi yardar ƙungiyoyin 'yan daba da ake kira yakuza, domin su ne ke riƙe da gidajen wasa da sayar da tikiti. Tun a 1948 aka kai yarinyar gaban Kazuo Taoka, shugaban ƙungiyar Yamaguchi-gumi ta birnin Kobe, wadda daga baya ta zama mafi girma a ƙasar. Taoka ya ɗauke ta tamkar 'yarsa, ita ma ta ɗauke shi tamkar kawu. Amincin ya ƙara ƙarfi bayan abin da ya auku ran 13 ga Janairu 1957 a wani gidan wasa na unguwar Asakusa a Tokyo, inda wata budurwa 'yar shekara goma sha tara, wadda take cikin masu ƙaunarta, ta watsa mata ruwan guba mai ƙuna, irin ruwan batir, a fuska. Allah ya taƙaita, tabon bai ɓata mata fuska ba. Tun daga lokacin mutanen Taoka suka zama masu tsaron lafiyarta, kamfaninsa kuma ya riƙa shirya mata wasanni.

A gida kuwa mahaifiyarta ce wuƙa da nama. Ita ke zaɓen waƙa, ita ke magana da kamfanoni, ita ke riƙe kuɗi, har Japanawa suka riƙa yi musu kirari da tagwayen ƙwai ɗaya. A 1962 Hibari ta auri shahararren ɗan wasan sinima Akira Kobayashi, aka yi gagarumin biki. Shekara biyu kacal auren ya yi. Mijin yana son ta rage aiki ta zauna a gida, uwar ba ta yarda ba, ita kanta amaryar ba ta san wata rayuwa ba sai ta dandali. Ranar da ta sanar wa 'yan jarida mutuwar auren, a 1964, Taoka ne zaune kusa da ita. Daga baya aka gane cewa ba a ma taɓa yi wa auren rajista a hukuma ba. Ba ta sake aure ba, ba ta kuma haihu ba, sai ɗan ƙanenta, Kazuya, da ta ɗauka riƙo a 1977.

Abin mamaki, a waɗannan shekaru na baƙin ciki ne muryarta ta nuna. A 1964, shekarar da Tokyo ta karɓi wasannin Olamfik aka kuma shigar da kokawar judo cikinsu karo na farko, ta yi waƙar Yawara a kan judo, wadda ta sayu kusan miliyan biyu, ta kuma ci mata babbar lambar faifai ta Japan a 1965. A 1966 ta yi Kanashii Sake, waƙar mace mai shan giya ita kaɗai don ta manta da wanda ya tafi, kuma an san ta da zubar da hawaye na gaske duk lokacin da take rera ta, ba tare da muryarta ta karye ba. Irin wannan waƙa ta kaɗaici da rabuwa da kewar gida ita Japanawa ke kira enka, kuma Hibari ce aka naɗa sarauniyarta, ko da yake ta ƙware a kiɗan jaz da wasu salo da yawa. A 1974 ta je birnin Hiroshima ta yi waƙar neman zaman lafiya, ita da ta ga garinsu yana ci da wuta ranar haihuwarta.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo a 1973. An kama ƙanenta Tetsuya, wanda take sa shi cikin wasanninta, bisa laifuffukan da suka shafi 'yan daba, a daidai lokacin da 'yan sanda ke matsa wa yakuza lamba. Hukumomin garuruwa da yawa suka ce ba za su ba ta zaurensu ba muddin yana cikin tawagar. Ita da mahaifiyarta suka ƙi rabuwa da shi. A ƙarshen shekarar sunanta ya fita daga shirin Kohaku na NHK, watau gasar waƙa tsakanin maza da mata wadda ake yi a daren sabuwar shekara, shirin da kusan kowane gida ke kallo, wanda kuma ita ce ta saba rufe shi. Sau ɗaya tak ta koma, a 1979, a matsayin baƙuwa ta musamman. Wasu sun kira abin da ta yi taurin kai, wasu suka kira shi zumunci. Ni dai ina ganin wadda ta ciyar da gidansu tun tana 'yar shekara goma sha biyu ba za a koya mata yar da ɗan'uwa tana da shekara talatin da shida ba, ko da kuwa ɗan'uwan ba shi da gaskiya.

A wannan zamani ne kamfanoni suka mai da fito da ƙananan 'yan mata masu waƙa sana'a mai tsari, suna zaɓo su ta gasar talabijin. Momoe Yamaguchi, wadda ta fi kowa suna a cikinsu, ta fara a 1973 tana da shekara goma sha huɗu, ta yi aure ta bar waƙa a 1980. Hibari ba ta sami irin wannan mafita ba.

Sa'an nan mutuwa ta shiga gidan. A watan Yuli na 1981 Taoka ya mutu, bayan 'yan kwanaki mahaifiyarta ta bi shi. Ƙawarta Chiemi Eri ta mutu a 1982, Tetsuya a 1983, ɗaya ƙanen nata a 1986. Ta ƙara yawan shan giya da taba. A watan Afrilu na 1987 aka kwantar da ita a asibiti a birnin Fukuoka, likitoci suka tarar hantarta ta lalace, ƙasusuwan ƙugunta kuma sun fara mutuwa. Jama'a suka ɗauka ta gama.

Ran 11 ga Afrilu 1988 ta fito a Tokyo Dome, sabon filin wasa mai rufi wanda aka buɗe a watan da ya gabata, a gaban mutum kusan dubu hamsin. An ajiye mata gado da likita a bayan dandali. Ta rera waƙa talatin da tara a tsaye, ƙafafunta na mata zogi, a ƙarshe kuma ta taka doguwar hanyar da aka shimfiɗa a tsakiyar 'yan kallo, mai tsawon kimanin mita ɗari, tana ɗaga musu hannu. Da ta kai ƙarshenta sai da aka tallabe ta.

Sarki Hirohito, wanda aka haife ta a zamanin mulkinsa, ya mutu ran 7 ga Janairu 1989. Kwana huɗu bayan haka aka fitar da faifanta na ƙarshe, Kawa no Nagare no Yo ni, waƙar da ke kwatanta rayuwa da gudun ruwan kogi. Wanda ya rubuta ta, Yasushi Akimoto, shi ne daga baya ya kafa ƙungiyar 'yan mata mawaƙa ta AKB48 a 2005. Ta yi wasanta na ƙarshe a Kokura ran 7 ga Fabrairu, aka mai da ita asibiti a Tokyo, inda ciwon huhu ya yi ajalinta ran 24 ga Yuni 1989, tana da shekara 52. A watan da ya biyo baya gwamnatin Firayim Minista Sosuke Uno ta ba ta lambar girmamawa ta al'ummar ƙasa, ta zama mace ta farko da ta same ta. Ta bar waƙoƙi fiye da 1,200 a faifai.

A 1997 NHK ta nemi ra'ayin jama'a a kan waƙar da ta fi kowacce a Japan, suka zaɓi waƙarta ta ƙarshe. A daren sabuwar shekara na ƙarshen 2019 kuma, gidan rediyon nan da ya ƙi ta tana yarinya, ya kuma ajiye ta a 1973, ya sa injiniyoyin kamfanin Yamaha suka kwaikwayi muryarta da kwamfuta, aka nuna siffarta a shirin Kohaku tana rera wata sabuwar waƙa, shekara talatin bayan mutuwarta. Wasu 'yan kallo sun yi kuka, wasu kuma, har da mawaƙa, suka ce an ci mutuncin mamaciya.