Taƙaitaccen Tarihin G.E.M. Skues, Lauyan da Ya Saɓa wa Masu Fatsa na Ingila

Mu a nan Minna, wanda zai jefa fatsa a Kogin Chanchaga tana yake nema ya soka a ƙugiya. A Ingila kuwa akwai masu ɗaure gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro, su yaudari wani kifi mai son ruwan sanyi da ake kira tirawut. Marigayi George Edward MacKenzie Skues yana daga cikin gwanayen wannan sana'a.

An haife shi a 1858 a garin St John's na tsibirin Newfoundland, wanda yanzu yake cikin Kanada. Ya yi karatu a Kwalejin Winchester da ke Ingila, daga baya ya zama lauya a Landan. A 1883 ya fara kamun kifi a Abbots Barton, wani yanki na Kogin Itchen.

A wancan zamani maganar Frederic Halford ita ce doka. Littafinsa na 1889 ya koyar da cewa ƙwaron roba ya tsaya a saman ruwa yana yawo, kuma mabiyansa sun ɗauki nutsar da shi a matsayin rashin ɗa'a. Shi kuwa Skues sai ya zuba wa kifin ido. Ya lura cewa sau da yawa ruwa yakan motsa amma kifin bai taɓa ƙwaron da ke sama ba, ashe 'ya'yan ƙwarin da ba su yi fiffike ba yake cafkewa a ƙarƙashin ruwa. Don ya tabbatar, yakan zura siririn cokali a cikin kifin da ya kama, ya juye abin da ya ci a farin faranti, sannan ya ɗaure ƙugiyarsa daidai da abin da ya gani. A ganina nan ne ya fi abokan hamayyarsa, domin hujjarsa daga cikin kifin ta fito. Ya bayyana wannan a littattafansa na 1910 da 1921.

Halford ya rasu a 1914, amma rigimar ba ta mutu da shi ba. A 1938 ƙungiyar Flyfishers' Club ta Landan ta shirya muhawara a kan batun, mafi yawan masu magana suka yi wa Skues taron dangi, alhali yana dab da shekara 80. Abokan kamun kifinsa na Abbots Barton ma ba su ƙyale shi ba. A wannan shekara ya bar wurin da ya shafe shekara 55 yana zuwa, ya koma Kogin Nadder kusa da Wilton. Duk da haka ya sake fitar da littafi a kan dabarar tasa a 1939.

Ya rasu ranar 9 ga Agusta, 1949, saura kwana huɗu ya cika shekara 91. Dabarar da aka tsangwame shi a kanta ta zama ruwan dare a wajen masu kamun tirawut a duniya.