TARIHIN MANFRED WINKELHOCK, MAKANIKEN DA YA ZAMA DIREBAN TSERE

A wannan fitowa na zaɓi in kawo tarihin wani mutumin Jamus mai suna Manfred Winkelhock, direban tseren motoci, wanda ya rasu a shekarar 1985 yana tuƙa motar wata ƙungiya mai zaman kanta da ake kira Kremer. Na san wasu za su ce me ya haɗa mu da shi, alhali ga sarakuna da malamai na ƙasarmu. Dalilina shi ne, mutumin nan daga gareji ya fito, masu motar da ya mutu cikinta su ma 'yan gareji ne, kuma akwai mu da yawa cikin wannan ƙungiya da muka ƙare a aikin ƙarfe da baƙin mai.

An haifi Manfred Winkelhock ranar 6 ga Oktoba, 1951, a garin Waiblingen kusa da birnin Stuttgart, a Jamus ta Yamma ta wancan lokaci. Aikin makanikanci ya koya, kuma bai shiga tsere sosai ba sai da ya zama saurayi mai cin gashin kansa, ba kamar 'ya'yan masu kuɗi da ake ɗora wa kan ƙananan motoci tun suna yara ba. A 1976 ya yi fice a gasar matasa ta motocin Volkswagen Scirocco. Wannan ya sa kamfanin BMW ya ɗauke shi a 1977 cikin rukunin matasan direbobinsa, tare da Marc Surer mutumin Suwizalan da Eddie Cheever mutumin Amurka. Ku riƙe sunan Surer, domin zai sake fitowa.

Ni dai na fara sanin wannan harka ne ta hanyar mujallun motoci da injiniyoyin Italiya na kamfanin Impresit kan bari a wurin gyaran motocinsu, lokacin aikin madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978. Ba ma jin harshen, amma hotuna sun ishe mu, kuma 'yan ajinmu na Mafara za su tuna yadda mukan yi ta gardama kansu a ɗakin kwana.

Kafin in ci gaba, ya kamata in bayyana irin tseren da nake nufi. Ba na gudun sa'a ɗaya da rabi ba ne. Tsere ne na juriya, ko dai kilomita 1,000, ko kuma sa'o'i 24 cur, dare da rana, direbobi biyu ko uku suna karɓa-karɓa a mota ɗaya. Kilomita 1,000 kuwa kamar a yi tafiyar Sakkwato zuwa Gusau kusan sau biyar ne, amma cikin sa'o'i shida ko ƙasa da haka. Masu shiga iri biyu ne. Akwai kamfanin da ya ƙera motar, da injiniyoyinsa da dukiyarsa. Akwai kuma masu zaman kansu, waɗanda kan sayi mota daga kamfanin, su gyara ta yadda suka ga dama, sannan su fito su yi takara da wanda ya sayar masu. Kwatankwacinsa shi ne direban haya da ya sayo fijo 504 daga Kaduna, ya kai wa makanikensa ya ƙara mata ƙarfi domin hanyar Maradun. Bambancin kawai, shi ba ya tsere da kamfanin.

Irin waɗannan ne 'yan uwa biyu, Erwin da Manfred Kremer, waɗanda suka kafa garejinsu a birnin Kolon a 1962. Erwin da kansa direba ne, har ya ci tseren sa'o'i 24 na Spa a ƙasar Beljiyam a 1968 da motar Porsche 911. Ƙanensa shi ne mai hannu kan inji. Babbar nasararsu ta zo a 1979 a Le Mans ta Faransa, tseren da ya fi kowane daraja a wannan fanni. Sun ɗauki Porsche 935, suka sake mata jiki, suka kuma canza yadda ake sanyaya iskar da na'urar turbo ke cusa wa inji, suka mai da shi da iska maimakon ruwa, suka sa mata suna K3. An sha ruwan sama ƙwarai a tseren. Saura 'yan sa'o'i a gama, bel ɗin famfon mai ya tsinke a tsakiyar hanya, kuma doka ta hana makanikai zuwa wurin, sai direban, Don Whittington, ya fito ya yi ta fama da hannunsa har ya lallaɓo da ita wurin gyara. Duk da lokacin da aka ɓata, motar ta zo ta ɗaya bayan tafiyar fiye da kilomita 4,000, da shi da ɗan uwansa Bill da Klaus Ludwig. A wannan tsere ɗin Winkelhock ya zo na shida cikin BMW M1 wadda mai zanen nan na Amurka, Andy Warhol, ya yi wa fenti da hannunsa. A lokacin shi da Kremer abokan hamayya ne.

Abin da ya sa duniya ta san sunansa ba nasara ba ce. A watan Afrilu na 1980, watan da mutanen Mafara da Bakura da Maradun ba sa mantawa saboda jinin manoma da aka zubar a rikicin Bakolori, shi kuma can a filin Nürburgring iska ta shiga ƙarƙashin motarsa a kan wani tudu, ta miƙe sama, ta kifa ta baya, ta yi ta wuntsilawa. Ya fito ba wani babban rauni. An ɗauki abin a fim, kuma har yau ana nuna shi. A ganina wannan fim ya cuce shi, domin ya sa mutane suna kallonsa a matsayin mai ganganci, alhali direba ne da ya san ciwon mota.

Daga 1982 zuwa 1984 ya yi tseren Formula 1 da ƙungiyar ATS ta Günter Schmid, wani attajiri mai kamfanin ƙera ƙafafun mota, wanda aka sani da zafin rai da yawan korar ma'aikata. A tseren Birazil na 1982 ya samu matsayi na biyar, bayan an soke sakamakon Nelson Piquet da Keke Rosberg, aka ba shi maki 2. Waɗannan su ne duk makin da ya samu cikin tsere 47 da ya yi a wannan gasa. A 1983 an sa wa motar injin BMW mai ƙarfi, takan yi gudu a gwaji, ranar tsere kuma ta lalace. Kafin ƙarshen 1984 suka rabu da Schmid. A 1985 ya koma wata ƙaramar ƙungiya ta Ingila mai suna RAM, wadda motarta ta fi ta baya rauni. Ba zan tsawaita kan wannan ba, shekaru ne na wahala ba riba.

Inda ya samu abin da ya dace da shi shi ne wurin 'yan Kremer. A 1985 suka ba shi Porsche 962C, suka haɗa shi da tsohon abokinsa Marc Surer. Dokar wannan aji na motoci, wanda aka fara a 1982, kan mai ta tsaya: an ƙayyade wa kowace mota lita 600 domin kilomita 1,000, a 1985 kuma aka rage zuwa 510, tanki kuwa ba ya wuce lita 100. Saboda haka taka totur kaɗai ba ya kawo nasara, sai wanda ya iya lissafin mai, ya kuma san lokacin da zai sassauta wa inji. Irin wannan doka takan buɗe wa ƙananan ƙungiyoyi ƙofa. A shekarar ma wata ƙungiyar Jamus mai zaman kanta, ta Reinhold Joest, ta kayar da kamfanin Porsche kansa a Le Mans, da motar da ta riga ta ci da ita a 1984.

A ƙarshen Afrilu na 1985, a filin Monza na Italiya, Winkelhock da Surer suna kan gaba sai guguwa ta kayar da wata babbar itaciya ta tare hanya. Aka tsayar da tsere bayan kimanin kilomita 800, aka ba su nasara, ga motocin kamfanonin Porsche da Lancia a bayansu. Wasu na cewa sa'a ce. To, ai itaciyar ba ta zaɓi kowa ba, wanda ta tarar a gaba shi aka ba.

Ranar 4 ga Agusta ya yi tserensa na Formula 1 na ƙarshe a gida, a Nürburgring. Mako guda bayan haka, ranar 11 ga Agusta, yana filin Mosport a Kanada domin tseren kilomita 1,000. A kwana ta biyu, wata gangara da ake shiga da gudu mai tsanani, motar ta ƙi juyawa, ta tafi kai tsaye ta daki katangar kankare. Mafi yawan zato ya tafi kan cewa taya ce ko wani ƙarfe na ƙafar gaba ya ba da kai. An daɗe ana yanka ƙarfe kafin a fito da shi, aka ɗauke shi da jirgi mai saukar ungulu zuwa asibitin Sunnybrook a Toronto, inda ya cika washegari, 12 ga Agusta, sakamakon raunin da ya samu a ka. Shekarunsa 33.

Bayan mako uku, ranar 1 ga Satumba, Stefan Bellof, wanda Jamusawa ke sa wa ran zama zakaran duniya, ya mutu a Spa cikin Porsche 956 ta wata ƙungiya mai zaman kanta, yana da shekara 27. A 1986 kuma Jo Gartner mutumin Ostiriya ya mutu cikin dare a Le Mans, shi ma a motar Kremer. Direba biyu ke nan cikin ƙasa da shekara ɗaya daga gareji ɗaya.

A nan ne na fi ganin girman 'yan uwan nan biyu, kuma a nan ne nake ganin kamfanin ya yi jinkiri. Akwatin da direba ke zama ciki a waɗannan motoci da falle-fallen alminiyam aka yi shi, mara nauyi, amma yakan lotse idan ya sha duka mai tsanani. 'Yan Kremer ba su jira Stuttgart ba. Suka nemi wani maƙeri na Ingila, John Thompson, ya ƙera masu sabon akwati na alminiyam mai ciki kamar saƙar zuma, wanda ya fi na asali tauri nesa. Motar da suka gina kansa ita ce 962 CK6, kuma wasu ƙungiyoyi masu zaman kansu sun bi wannan hanya. Duk makanike ya san nauyin da ke kansa idan ya ɗaure birki ya miƙa wa direba makulli. Su sun ɗauki wannan nauyi ne da kuɗin aljihunsu, bayan sun binne mutum biyu.

Garejin ya ci gaba, har ya ci tseren sa'o'i 24 na Daytona a Amurka a 1995 da motarsa K8. Erwin Kremer ya rasu a 2006, Manfred Kremer kuma a 2021.

Gidan Winkelhock bai bar tsere ba. Ƙanensa Joachim ya ci Le Mans a 1999 da motar BMW, shekara 20 bayan wansa ya zo na shida a wurin. Ɗansa Markus, wanda yake da shekara 5 lokacin rasuwar uban, ya samu damar tseren Formula 1 sau ɗaya tak, a Nürburgring a 2007, da motar Spyker wadda ita ce ta baya a jeri. Ƙungiyarsa ta hango hadari ta sa masa tayoyin ruwa kafin kowa, ruwa ya sauko, ya wuce kowa ya yi zagaye shida yana kan gaba, kafin daga baya motar ta lalace. Daga nan ya koma tseren juriya, ya ci sa'o'i 24 na wannan fili a 2012 da 2014 da kuma 2017.